Furen da Ladi ta tsinta a juji

Akwai wata Litinin ta watan Maris da har gobe ta ƙi fita daga raina. A lokacin ni ne shugaban masu lambu a wata ma'aikatar gwamnati da ke kan hanyar Kuru, ina mataki na shida, da mutum huɗu a ƙarƙashina. Duk irin da aka yafa a rumfar reno, da hannuna aka yafa shi. In shukar ofishin wani ta yi laushi, Malam Sabo ake nema.

Shekara guda kafin ranar, Daraktarmu ta dawo daga tafiya da okid guda uku. Ga wanda bai san ta ba, shuka ce mai kaurin ganye da saiwoyi kamar igiya, furenta kan yi wata biyu bai zube ba. Ta ce, "Malam Sabo, amana ce." Na ce an gama. Na tankaɗe baƙar ƙasa, na haɗa da taki, na binne saiwoyin, ina ba su ruwa safe da yamma. Biyu suka ruɓe. Ta ukun ta yanƙwane, na tumɓuke ta na jefar a juji, na gaya wa Darakta sanyin Jos ne bai karɓe su ba.

A waccan Litinin sai ga Ladi, mai sharar ofisoshi, 'yar mataki na biyu, rungume da wani kwandon waya. Furanni tara, farare tas, jere a reshe guda. Ma'aikata suka bar tebura suna ɗaukar hoto. Darakta ta fito ta ce, "Ladi, ina kika samo wannan?"

"Na bola ne, Madam, wanda Baba Sabo ya zubar. Na kai gida Gada Biyu, na sa mishi gawayi da ɓawon itace, na rataye a jikin gwaiba. Ba ya son ƙasa, iska ne yake so."

Darakta ta dube ni. A nan take ta ce za ta rubuta a mayar da Ladi sashen lambu, a ɗaga ta zuwa mataki na huɗu.

Ba zan ɓoye muku ba, hassada ta kama ni. Na zagaya kwandon nan sau uku ina neman ganye guda mai tabo, ban samu ba. Shekara ashirin ina cikin ƙasa da taki, wai mai tsintsiya ce ta raya abin da na kashe. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

A ƙa'idar aiki, duk abin da zai fita ƙofar ma'aikata sai da takardar fita da kaya, wadda muke kira getfas. Kowa ya san ba a nema wa shara ita. Duk da haka washegari na rubuta wa jami'in mulki cewa kayan gwamnati ya fita ba takarda. Ya karanta ya ce, "Haba Malam, abin juji fa?" Na ce doka doka ce. Ƙorafi kuwa in ya zo a rubuce, dole a ba mutum takardar tuhuma, kuma da ta shiga fayil ɗinsa maganar ƙarin girma ta tsaya. Haka aka yi wa Ladi, aka ce shukar ta dawo hannuna.

Da kanta ta kawo mini ita rumfa. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ta ce, "Baba, don Allah kar ka sa mishi ƙasa. Ruwa sau ɗaya a sati ya isa." Na ce, "Ni za ki koya wa lambu?" Ƙasa dai ban sa ba, amma na ci gaba da ban ruwa kullum, don kada a ce da umarninta nake aiki. Cikin sati shida saiwoyin suka zama ruwa.

Daga baya na koma wurin jami'in mulki in janye takardata. Ya ce abin da ya shiga fayil ba ya fita. Darakta ta yi canjin wurin aiki, maganar ta mutu, Ladi kuma da tsintsiyarta ta yi ritaya.

Ranar da aka yi mata walimar bankwana ta miƙo mini wani gwangwanin madara cike da gawayi, da 'yar shuka mai ganye biyu. 'Yar waccan ce, ta tsiro a jikin reshe tun kafin a ƙwace uwar. Ta ce, "Sau ɗaya a sati, Baba."

Ku da kuke shiga aikin nan yanzu, in kun ga shuka ta rayu a hannun wani, ku tambaye shi yadda ya yi, kada ku tambayi matakinsa. Ni na tambayi mataki, na kashe shuka, na tare wa baiwar Allah hanya. Okid ɗin tana rataye a gidana na Laranto, kowace Juma'a nake ba ta ruwa. Bana ta yi fure biyar. Duk shekara sai na ƙirga, kuma har yanzu tara ɗin Ladi na ci mini rai.