Randar da ke Jikin Bangon Inna

Ban taɓa faɗa da wani abu a duniya kamar yadda na yi faɗa da bangon ɗakin Inna ba. Bango ne na bulo, mahaifinmu ya gina shi da hannunsa lokacin da ya rushe na ƙasa, kuma bayansa yana kallon hanyar da ke gangarawa fadama. Tun shekarar da ambaliya ta shigo unguwarmu a Haɗejiya, ruwa ya kwanta a gindinsa har gwiwa, bangon nan bai sake lafiya ba. Ruwa ya janye, kowa ya gyara gidansa ya manta, namu kuwa sai ya fara fitar da wani farin gari daga ƙasa, kamar an watsa masa kanwa. In ka shafa sai filasta ta biyo hannunka. Awakin unguwa suka gano wurin, kullum suna jere suna lasa, suna ƙara rarake shi.

Yayanmu da ke zaune a Kano ya zo ganin gida, ya durƙusa ya tsokani gindin bangon da makullin motarsa, makullin ya shige. Ya miƙe ya ce da ni, a gaban Inna, in damina ta sake zagayowa bangon yana haka, zai ɗauke ta ta koma wurinsa, ba zai jira a kira shi a ce gini ya danne ta ba. Inna ta bari sai da ya tafi. Sannan ta kira ni ta ce, “Ni dai ka san ba inda za ni. Ka yi yadda za ka yi.”

To, ni mai gyaran injin ban-ruwa ne, ba magini ba, amma uwa ta ce ka yi yadda za ka yi, sai ka ce mata me? Na kawo birkila ya kankare ruɓaɓɓen wurin ya yi sabuwar filasta. Ta yi kyau sumul, har maƙwabta suna tsayawa suna sa albarka. Kafin a yi girbin shinkafa farin garin ya dawo, filastar ta kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar ƙwarya. Wani abokina ya ce ai kuskuren da muka yi shi ne ba mu zuba garin hana ruwa a cikin simintin ba. Na nemo garin, muka sake kankarewa, muka sake shafewa. Wannan karon farin garin nan mai kama da gishiri bai fito ta inda muka shafe ba, sai ya hau sama ya ɓullo daidai inda sabuwar filasta ta ƙare, ya ja layi fari tas kamar yana min gwalo. Wallahi ranar da na ga layin nan sai da na yi jifa da hulata.

Daga nan kowa ya zama malami. Wannan ya ce baƙin mai, wancan ya ce fenti mai maiƙo, wani tsoho daga Kirikasamma da ya kawo min inji ya ce su kwalta suke narkawa su shafe gindin gini. Duk na yi. Na narka kwalta a rabin duro da tsakar rana, hayaƙi ya cika unguwa, ta ɗiga min a ƙafa ta sale min fata, maiɗakina ta yi kwana da kwanaki tana mitar warin da ya kama labulayenta. Bangon ya koma baƙi ƙirin, mummuna, amma na ce in dai zai tsaya, ya yi munin. Ba a jima ba kwaltar ta fara ɗagowa tana ɓarewa falle-falle, a bayanta kuma bulon jiƙe yake sharkaf, alhali rabonmu da ruwan sama an yi watanni.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Rani ne, kogi ya ja baya, bangon maƙwabcinmu da ambaliya ta fi ci ya bushe ƙamas. To namu daga ina yake shan ruwa? Wata rana da la'asar na zauna a dakalin da ke tsallaken hanya ina hararar bangon, sai ga manoma sun taso daga fadama. Suka tsaya a wurin randa.

Randar nan tun ina yaro take a wurin, shi ya sa idona ya daina ganinta. Mahaifinmu ne ya kafa ta a jikin bangon don masu wucewa su sha, ya binne gindinta a cikin yashi, ya ɗaure moɗa da igiya. Da ya rasu Inna ta ci gaba da sa mai garuwa yana cika ta safe da yamma, sadaka ga mamacin, kuma takan sa a jiƙa yashin don ruwan ya yi sanyi. Ruwan rijiyar unguwarmu kuwa kowa ya san yana da ɗanɗanon kanwa. Ina zaune ina kallo: mutum ya sha, ya kuskure baki ya tofar a gindin bango, ya wanke fuska, ya watsa ragowar a jikin bango. Na bayansa ya ɗauraye ƙafarsa mai taɓo. Wani ma alwala ya yi cikakkiya. Randar kanta tana tsatsafo dare da rana. Ashe duk wahalar da nake sha, ina toshe ƙofa ne ruwa yana shiga ta taga, kuma mu ne muke sayensa muna kawo masa. Na ce, “Kai, amma an cuce ni!”

Na shiga wurin Inna da zafina. Na ce, “Inna, na gano ciwon. Randar nan ce. A matsar da ita gindin darbejiyar can tsallake, shi ke nan.”

Ta ce, “A'a.”

“Inna, taku kaɗan ne fa. Ga inuwa ma, ruwan zai fi sanyi.”

“Inda ya ajiye ta, nan za ta zauna.”

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce ladan sadaka ba a jikin bango yake ba. Na je na tambayi limamin unguwa, ya ce ko'ina aka ajiye ta lada ɗaya ne, na dawo na faɗa mata. Ta ce ta ji, Allah ya saka wa liman da alheri, amma a bar mata randarta. Na ce to a sa duro na roba wanda ba ya tsatsafo. Ta ce ruwan roba ai sai ka ce na wanka, wa zai sha ya ji daɗi? Na ce a hana mutane wanke ƙafa a wurin. Ta dube ni ta ce, “Ka ba mutum ruwa sannan ka tsaya a kansa da sanda?” Haba! Ita ce ta ce in yi yadda zan yi, ita ce kuma ta tare hanyar. Sau da yawa nakan fito daga ɗakinta in rasa wanda zan huce a kansa, sai awaki su sha jifa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Yaya kuma ya fara kira yana tambayar bango. Ta ciki ma danshin ya kai bayan gadonta, har kwanukan jerenta na ƙasa sun fara tsatsa. Rannan na shiga na ce mata, ba da wasa ba, “Inna, zaɓi ɗaya za ki yi. Ko randa ta tsallaka hanya, ko ke ki tafi Kano. Ni na gaji.” Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, “To, matsar.”

Ban jira ta sake tunani ba. A ranar na tone ta, muka ɗauke ta ni da mai garuwa muka kafa a gindin darbejiya. Na kankare bangon har sai da na tarar da lafiyayyen bulo, na bar shi ya sha rana da iska, na wanke gishirin da burushi ya sake bushewa. Sannan aka yi filasta da garin hana ruwa, aka zuba dakali mai gangara a gindinsa don ruwan sama ya riƙa gudu. Damina ta zo da ƙarfinta, ta tafi. Kullum da safe sai na je na shafa bangon, hannuna ya dawo a bushe. Awaki suka zo suka sunsuna suka wuce. Ni kaɗai na san irin daɗin da na ji.

Inna kuwa sai ta yi sanyi. Abinci kaɗan, magana kaɗan. Na ɗauka jikin tsufa ne, har na kai ta asibiti aka ce ba a ga komai ba.

Bayan girbi Yaya ya zo. Na kai shi bayan ɗaki ina taƙama, ya buga bangon da tafin hannu, ya jinjina kai ya ce aiki ya yi. Muka shiga wurin Inna, ya ce, “To Inna, ɗanki ya fitar da ke. Ki yi zamanki.”

Ta ce, “Ai ina ganin zan bi ka.”

Na ce, “Ki bi shi ina? Inna, bangon fa ya warke!”

Ta ce, “Na sani, sannunka da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka.” Sannan ta ƙara da cewa, “Da, ina kwance a nan, duk wanda ya sha ruwa ina jin ƙarar moɗa. In ji ya ce Allah ya jiƙan mai randar nan, ni kuma in ce amin ta cikin bango. Wuni guda ina amsawa. Yanzu na kasa kunne har na gaji, ba na jin komai.”

Raina ya ɓaci, idona kuma ya kawo ruwa, duk a lokaci ɗaya. Na ce, “To me ya hana ki faɗa min tun farko? Wata nawa muna jayayya! Yanzun nan zan dawo da ita, bangon ya ruɓe in ya ga dama, in gyara duk shekara.”

Ta ce, “A'a, bar ta. Mutane sun saba da inuwar can, kada a wahalar da su saboda kunnen tsohuwa.”

Na roƙe ta, Yaya ma ya sa baki, ta ƙi. Da safe ta sa maiɗakina ta ɗaure mata kayanta, ta ja mai garuwa gefe ta yi masa kashedi kada ya bar randar ta kafe. Ni na ɗora mata jakarta a bayan mota.