Ƙahon da na kafa wa ƙanena

Wanzanci na gada, shekara arba'in ina yawo da zabira tsakanin Kebbe da Fakku. Ƙanena manomi ne, ga taba ga ciwon suga. Da ƙafarsa ta fara riƙewa, har sai ya huta sau uku kafin ya isa gona, ɗiyarsa da ke aikin jinya a Tambuwal ta kai shi asibiti. Suka dawo da ƙwayoyi cike da leda.

A zaure ta same ni ina wasa aska.

"Baffa, kada ka taɓa ƙafar nan. Ba mataccen jini ba ne."

"To mi ne, likita?"

Ta ce taba da suga ne ke ƙuje cikin jijiya. Wurin da ya ƙuje sai ya saki wasu ƙananan sinadarai cikin jini, kamar masu kai saƙon neman gudummawa. Sojojin jiki su taru, su haɗiye kitse, su maƙale a bangon jijiya, su ma su aika a ƙaro wasu. Kiran ba ya tsayawa, wurin na ta kumbura ta ciki har hanya ta tsuke.

"Ƙaho ba ya kaiwa can, Baffa. In ka tsaga, ba za ta warke ba."

"Ke da ni na cire miki belu? Jini nika gani da idona tun ba a haifi uwarki ba. Tashi ki ba ni wuri!"

Ba bayanin ne ya ƙona ni ba. A gaban mutum biyu masu jiran aski ta faɗa.

Ranar da ta koma aiki na watsa ƙwayoyin a masai. Ƙanena ya ce, "Yaya, yarinyar nan fa ta hana." Na ce ni ne babba ko ita? Ya miƙe ƙafa. Ƙaho fuɗu na kafa masa a ƙwauri.

Tsagar ba ta rufe ba. Ta yi ruwa, yatsu suka yi baƙi. A ƙasan gwiwa aka yanke.

A ƙofar asibiti ta tare ni. "Ka zo ganin aikinka?" Ni na yi, da hannuna, don kada a ce yarinya ta fi ni sani.

Tun yana yaro ni ke masa aski. Yanzu duk Juma'a sai a ɗora shi a babur, a wuce ta ƙofata, a kai shi wurin wani wanzamin.