Kofin da Sanda Yake Ajiye Mini a Taga

An cire ni daga zuwa ƙauye saboda ƙiba, kuma ba wanda ya iya duban idona ya gaya mini. Sai dai na zo aiki da jakata wata Talata, na tarar Bawa ya riga ya tayar da babur da wata yarinya a bayansa. Ranar nan ba ta taɓa fita raina ba, ko da yake yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya.

Ku 'yan baya da ke aikin yanzu, bari in fayyace muku yadda muke a lokacin. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin ɗakin haihuwa a gefen garin Isa. Ban shiga aji ba sai da ɗiyata ta fari ta yi aure. Na je yaƙi da jahilci, na iya karatu da rubutu, sannan aka ba ni horo aka ɗauke ni aiki. Sama da ni akwai Sista Rabi, wadda ta yi makarantar ungozoma, ita ce shugabar wurin. Bawa shi ke tuƙa babur ɗin aiki. Ranakun fita mu tafi Turba ko Kamarawa. Aikina in shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, in taɓa cikin masu juna biyu, in duba idonsu ko jini ya yi ƙasa, in danna ƙafafunsu ko sun kumbura, in rataya yara a sikeli. Yaron da nauyinsa ya faɗi, sai in sa uwarsa ta kawo shi a fara ba shi garin kunu.

Shekara ta biyu ke nan ana fari, ruwan sama ya ƙi. Gero ya bushe a tsaye bai kai ga fitar da kai ba, makiyaya sun kora abin da ya rage musu kudu, gulbi ya zama yashi zalla. A yashin nan abin ya same ni. Babur ya nutse, Bawa ya ce in sauka in taka. Ban kai tsakiya ba numfashina ya tsaya a wuya, na ga duhu da rana tsaka, na zauna daɓas. Bawa ya yi ta yi mini fifita da hularsa yana salati. Da muka dawo ya je ya gaya wa Sista, shi ke nan aka canza ni.

Na same ta a ɗakin awo na ce in da laifi a faɗa mini, ni ba yarinya ba ce. Ta ce in zauna. Ta ɗaura mini abin awon jini a dantse, ta matsa, ta daɗe tana duba. Ta ce jinina ya hau ƙwarai, kuma nauyina ya fi ƙarfin gwiwoyina da zuciyata. Ta tambayi abin da nake ci. Na ce abin da kowa ke ci a shekarar nan, tuwon dare, da ɗumame in ya rage. Sai ta nuna taga da baki.

"Inna Kulu, ba tuwo ba ne. Sanda ne."

Ta ba ni wa'adi zuwa saukar ruwan farko. In jinin ya sauka, kuma na iya ƙetare gulbi da ƙafa ban zauna ba, za ni koma ƙauye. In ba haka ba, sai dafa kayan aiki da wankin zannuwa har in yi ritaya. Yarinyar da aka sa a madadina ba ta da laifi, ta san karatunta. Amma budurwa ce, matan ƙauye kuwa ba sa buɗe ciki ga wadda ba ta taɓa naƙuda ba. Su ce mata lahiya lau, su ja zane. A shekarar yunwa mace ta ɓoye kumburi, a kan gwiwa ake rasa ta. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Sanda mai shayi ne, mutumin wajen Maraɗi, teburinsa a gindin dogon yaro daidai ƙofar asibitinmu. Shi ya fara kawo mana gahawa da madara mai kauri, abin da mutanensu ke kira kafe ole. Ya zuba madarar nan a gindin kofi kamar zuma, ya ɗora garin gahawa da sukari, ya sheƙa ruwan zafi, sannan ya yi ta juyawa daga kofi zuwa kofi, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, har kumfa ta tashi. Mace ba ta zama a bencin mai shayi, amma tagar ɗakin dafa kaya tana duban teburinsa. Ta nan nake miƙa babban kofina. Da safe, da azahar, da kuma in na dawo daga ƙauye, wannan har da burodi da bota. Kullum maganata ɗaya ce, ya ƙara madara.

Kada wani ya ce mini kwaɗayi ne kawai. Ki wuni kina rataya yara a sikeli, yaro ɗan shekara biyu ki ɗaga shi kamar kaza, ki dawo da wani ɗaci a baki wanda ruwa ba ya wankewa. Kofin nan kaɗai ke tafiya da shi. Duk ma'aikaciyar da ta yi aiki a shekarun nan tana da abin da ta jingina da shi, nawa wannan ne.

Na daina rana ɗaya, don ni ban iya abu rabi da rabi ba. Na rufe tagar. Na koma shiga asibiti ta ƙofar baya, wajen da ake shanya, don kada ƙamshin ya tare ni a hanya. Makon farko kaina kamar ana sara, na yi faɗa da duk wanda ya gaishe ni. Na sa citta a ɗaurin zane ina ɓalla ina taunawa. Na jiƙa zoɓo ba sukari. Na kama azumin Litinin da Alhamis. Mafi wuya shi ne ƙarar cokalinsa a jikin kofi, don taga ba ta hana sauti. In na ji ta sai in ɗauki aswaki in yi ta goga haƙori kamar mai jin haushinsu. Sista ta ce ban da wannan tsanani, ƙaramin kofi ɗaya da safe ba madara ba sukari ba zai kashe ni ba. Na ce na san kaina, in na tsaya gaban teburin nan bakina da kansa zai ce a ƙara.

Jiki kuwa ya fara amsawa. Zanen da nake ɗaurawa da ƙyar ya soma zagayawa har da saura. Sai dai na manta shekarar da muke ciki. A lokacin fari ba wanda ke ramewa da gangan. Mata suka fara gaishe ni da muryar ta'aziyya. Wata tsohuwa ta kama hannuna a bakin rijiya ta ce in har Kulu ta zube, to ƙasa ta ƙare. Na ce mata likita ce ta sa ni, ta gyaɗa kai irin na wadda ta gane mutum yana rufa wa gidansa asiri.

Wata safiya na buɗe tagar don hayaƙin risho ya fita, sai ga kofi a dandamalin taga, an rufe shi da faranti, da yankan burodi a kai. Ba nawa ba ne, na Sanda ne, babban nan da yake ba direbobi. Na leƙa, ya juya baya yana hura gawayi kamar bai san da shi ba. Na buɗe. Madarar ta yi yawa har gahawar ta koma fara.

Na shanye. Ba za ni yi muku ƙarya ba, har da lashe bakin kofi.

Washegari ma ga shi, jibi ma haka. To ku duba inda ya sa ni. In sha, na karya abin da nake ginawa. In zubar, a shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, wannan ba za ni iya tsayawa gaban Allah da shi ba. In mayar masa, kyauta ce, wanda ya mayar da kyauta ya ce ba ya son mai ita. Sai na riƙa ba masu jego da ke kwance a ɗaki, ina riƙe musu kofin da hannuna, ƙamshin yana shiga hancina. Wani lokaci in kurɓa kafin in miƙa. Jinin da ya fara sauka ya tsaya cik. Sista ta auna ta dube ni, na dubi bango.

Ana haka, ranar awon yara, Hajo matar Sanda ta kawo ɗiyarsu Indo. Ni na karɓi haihuwar yarinyar nan, haihuwa mai wuya, ta zo da ƙafa. Na rataya ta a sikeli na ga ta yi ƙasa da na wancan zuwan. Ƙa'idar aikinmu, in yaro ya faɗi ba a tsayawa ga zazzaɓi da gudawa, sai an bi abincinsa tun daga safe. Hajo ta ce kunu ne da ruwa-ruwa, da ɗan tuwo. Na ce da can fa, me take ci wanda yanzu babu? Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce da yamma mai gidan yakan zo da abin da ya rage a gwangwanin madara, a dama wa yarinya a kunu. Yanzu kaya ba sa zuwa daga ƙetare kamar da, ciniki ma ya mutu, kuma ɗan abin da ya rage ya ce akwai mai buƙata.

Na ce wane ne ya fi wannan buƙata? Ta amsa kanta a ƙasa.

"Inna, cewa ya yi hannun da ya fiddo mana ita ba zai rame muna kallo ba. Ya ce kunya ta sa kike bin ƙofar baya."

Madarar gwangwani ba abincin yaro ba ce ta gaskiya, mu ma muna faɗa wa iyaye haka. Amma ita ce abin da gidan ke da shi, kuma ita nake kurɓa a ɓoye. Na sa sunan Indo cikin masu karɓar garin kunu, na sallami Hajo, na gama layin da ya rage. Bayan la'asar na fita ta babbar ƙofa na tsaya gaban teburin. Akwai maza a benci, har da Bawa. Ban damu ba.

Na ce wa Sanda ba yunwa nake ji ba, gidana da hatsi daidai gwargwado, ba kuma fushi nake da shi ba. Na ce ƙiba ce ke neman kashe ni, an raba ni da aikina saboda ita, kuma madararsa da sukarinsa su ne rabinta. Bawa ya ce shi shaida ne, babur ma shaida ne. Na ce ya rufe mini baki, da bakinsa aka fara.

Sanda ya ajiye cokali. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin mutum na neman ragewa ba, balle a wannan shekara. Na ce to yau ya ji. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini.

"Inna Kulu, shekara nawa kina ce mini in ƙara, ina ƙarawa? Mi ya hana ki ce in rage? Hannun dai ɗaya ne."

Na ce daga yau abin da ya rage a gwangwani ya kai gida, in na ƙara ganin kofi a tagata za ni kai ƙararsa wurin Hajo. Mazan benci suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya tambaye ni a hankali ko yarinyar ta faɗi da yawa. Na ce ta faɗi, amma an kama da wuri.

Na koma ƙauye kafin ruwa ya sauka, na ƙetare gulbin da ƙafata, Indo kuma yau tana da jikoki. Amma abin da nake so ku riƙe ba wannan ba ne. In kuka ga yaro ya faɗi a sikeli, ku tambayi abin da yake ci, sannan ku tambayi inda abin da yake ci da ya koma. Sau da yawa ba mugunta ta ɗauke shi ba, kirki ne. Mutanenmu suna iya raba cokali ɗaya gida biyu ba su ce uffan ba, kuma shirun nan yana iya cutar da wanda ba a nufa ba. Wadda kuma ke faɗa da abin da ranta ke so, ta fara da gaya wa mai zuba mata.

Washegarin ranar da na tsaya gaban teburin nan, da gari ya waye na ɗauko ƙaramin kofin da jikata ke shan ruwa da shi, na bi ta babbar ƙofa. Na miƙa wa Sanda. Ya ɗauki gwangwanin madara don sabo, na dube shi, ya ajiye. Ya zuba gahawar baƙa, ya jefa citta a ciki da kansa. Na shanye a tsaye, ɗaci har kunne. Sannan na shiga na auno garin kunun Indo, na ɗora a kai, na nufi gidansu can ƙarshen gari da ƙafa, don in nuna wa Hajo yadda ake dama shi.