Mai Halwa a Reshen Lemun Tsami

Yaya aka yi ya san tana da rai? Shekara biyu ke nan ina juya wannan tambaya a raina, ban sami amsarta ba. Mutumin da ya yi wata biyu bai tashi daga shimfiɗa ba, idonsa ma ya dushe, bai leƙa tukunyar ba balle ya taɓa abin da ke ciki. Ni mai ƙafa da ido na duba, na taɓa, na yanke cewa ta mutu. Shi kuwa yana kwance ya ce tana nan. Maigidana nake nufi, Allah Ya jiƙansa, kuma wadda muka yi saɓani a kanta tsutsa ce, tsutsar lemun tsami. Kada ku yi dariya tukuna. Ni ban san baƙi ba, faɗa nake yi ana rubutawa, don haka ku bar ni in faro daga inda abin ya faro, gidan Kakarmu a wani ƙauye kusa da Anka.

Kaka ita ta haifi babana. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana sai in an tsokane ta. A bayan ɗakinta akwai itacen lemun tsami biyu, ta shuka su daidai wurin da take alwala, don su sha ruwa sau biyar a yini ba tare da an ɗebo musu na daban ba. Har yau in na murza ganyen lemo a tafina na shinshina, butarta nake gani da jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin. Ɗaya itacen namu ne, shi muke tsinka a matsa a kunu. Ɗayan kuwa takan ce na baƙi ne. Baƙin su ne malam-buɗe-littafi, irin manyan nan baƙaƙe masu ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa, da suke zuwa da damina su saka ƙwai a kan toho.

Duk mai lemo a ƙauyenmu, in ya ga tsutsa a ganye, murƙushe ta yake yi. Kaka kuwa kwashe na itacenmu take yi ta mayar kan na baƙi, wasu kuma ta shigar da su tukunya ta yi kiwonsu. Matan unguwa sukan leƙo ta saman danga su yi mata ba'a. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa ce mata, "Mutane na kiwon awaki, ke kina kiwon tsutsa. Yaushe za mu sha nono?"

Kaka ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ran da akuyarki tat tashi sama, ki kira ni in gani."

Mu biyu ne jikokin da ke manne da ita, ni da ɗan gwaggona da Kaka ta ɗauko riƙo daga Gummi. Ya girme ni da shekara uku, kuma tun da taubasai muke, bakinsa ba ya sauka daga kaina. Shi ne ya zama maigidana daga baya, amma a lokacin in an ce mini haka sai na yi kuka.

A wurin Kaka muka koyi duban ganye. Ta nuna mana ƙwan, ɗan ƙanƙane kamar ƙwayar gero, ɗaya tak a kan kowane toho. Ta nuna mana 'yar tsutsar in ta ƙyanƙyashe, baƙa da fari, wadda ko ka ƙura mata ido sai ka rantse kashin tsuntsu ne. Ta ce da haka take tsira, don ba tsuntsun da ke komawa ya ci kashinsa. In ta yi girma sai ta tuɓe wannan riga ta koma koriya shar, kamar an yanko ta daga ganyen. In ka taɓa ta da tsinke sai ta fiddo ƙaho biyu jajaye daga bayan kanta, ta saki wani wari kamar ruɓaɓɓen lemo. Taubashina yakan ce halinmu ɗaya da ita.

Kiwon yana da ƙa'ida, kuma Kaka ba ta wasa da ita. Tsohuwar tukunyar ƙasa ce mai tsaga, a zuba jiƙaƙƙen yashi a gindinta, a soka reshe mai toho, a rufe bakin da rariya don iska ta shiga, ƙadangare da zanzaro kuwa su tsaya waje. A zagaye tukunyar da toka saboda cinnaka. Kullum da safe a sake ganye, a kakkaɓe kashin. Ba a kama tsutsa da yatsa, sai dai a kawo mata sabon ganye kusa, ta hau da kanta. Ran da ta ƙoshi da duniya sai ta daina ci, ta nemi reshe, ta maƙala gindinta, ta yi wa kanta ɗamara da zare siriri, ta sandare cikin kwanso. Kaka takan ce ta shiga halwa, kamar malamin da ya rufe ɗaki don ibada. Mako biyu, wata safiya, sai kwanson ya tsage. Abin da zai fito jiƙe yake, a yamutse kamar tsumma. Ya rataya, ya yi ta buɗe fukafukai a hankali har su miƙe, sannan Kaka ta ɗaga rariya. Fuskarta a wannan lokaci ban taɓa ganin irinta a fuskar kowa ba, sai daga baya a fuskar jikanta.

Laifina na yi shi ne da bazara, ina 'yar shekara takwas ko tara. Kaka ta tafi suna cikin Anka, Inna ta ce in share wa Kaka rumfa kafin ta dawo. Ni kuwa yarinya ce mai son a yaba mata shara. Na iske tukunyar a lungu, yashinta ya bushe, ba ganye ko ɗaya, sai ƙirare huɗu, kowane da wani abu busasshe kalar itace manne a jikinsa. Damina ta wuce da wata biyar. Na ce waɗannan sun mutu tun tuni, Kaka ta manta ne. Na kai juji na juye. Kaji suka yo ca. Taubashina yana dawowa daga rijiya ya hango, ya yar da guga, ya shiga tsakiyar kajin da ƙafa. Ɗaya ya ceto.

Da Kaka ta dawo ta tsaya kan tukunyar, na wanke ta fes na kife. Ta ce, "Wa yat taɓa min tukunya?"

Ya ce, "Mai tsintsiya ce, Kaka. Da kin daɗe kaɗan da har ke ta share."

Na jira duka, bai zo ba. Ta zauna a kan turmi, ta karɓi ƙiraren da ya ceto, ta miƙo mini tsinke ta ce in taɓa gindin abin a hankali. Na taɓa. Ya motsa, ɗan kaɗan, kamar mai barci da ƙuda ya sauka a kansa. Sai na fashe da kuka, don a lokacin na san abin da na ba kaji.

Ta ce, "Wadda tash shiga halwa tsakar damina, mako biyu ta hito. Wadda girbi yar riska ciki, ta san babu toho waje, in ta hito ɗiyanta mi za su ci? Ruwa taka jira. Ke ba ki da haƙurinta, shi ya sa kinka ce ta mutu."

Hukuncina shi ne tsaron wannan ɗaya har ruwa ya sauka. Na yi ta zuba toka, ina korar kaji, ina leƙe ta ramukan rariya. Kwana shida bayan ruwan farko ta fito. Kaka ta bar ni na ɗaga rariyar da hannuna. Muka bi ta da gudu, ni da shi, ta cikin gonakin da aka fara shuka, har bakin gulbi inda ta ɓace mana. Sunan mai tsintsiya kuwa ya bi ni. Da muka girma ya je ya gaya wa Kaka cewa shi zai aure ni, don in aka kai ni wani gida zan share musu dukiya. Ranar da za a kai ni Gummi, abin da Kaka ta ba ni ɗan dashen lemo ne a cikin sakaina, daga 'ya'yan itacen baƙi. A cinyata na riƙe shi har muka isa.

Shekara hamsin da 'yan kai muka yi tare. Manomi ne, mai gero da dawa da ɗan albasa a fadama, amma ba a taɓa yin daminar da tukunya ba ta zauna a rumfarmu ba. Dashen Kaka ya shuka shi wurin alwalarsa, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Da itacen ya tsufa ya bushe, wani lemon, jikansa, na tsaye a gefe. Mutum ne da in ya dawo gona a gajiye, kafin ya sha ruwa sai ya zagaya itacen yana ɗaga ganye da bayan yatsa. Da maganin feshi ya shigo gari, ɗanmu ya kawo zai fesa, ya tsaya gaban itacen ya ce, "Fesa ni tukun." Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a ranar bai ɗaga ba. A gaban mutane uwar gida yake ce mini. In mu biyu ne, mai tsintsiya.

Damina ta ƙarshe da ya gani, tsutsa uku kawai ya samu, don yanzu sun yi ƙaranci. Biyu suka tashi. Ta ukun girbi ya riske ta a halwa. Da sanyi ya shigo ciwo ya kwantar da shi, ya sa na shigo da tukunyar ɗakinsa na ajiye bayan ƙofa. Ni hankalina ba ya kanta, yana kansa. Aka kai shi asibiti aka dawo, jiki na ta zubewa. Wata rana bayan la'asar, farkon bazara, ina ba shi ruwa a ludayi, ya tambaye ni mai halwa. Na je na taɓa ta da tsinke kamar yadda Kaka ta koya mini. Ba ta motsa ba. Na sake, shiru. Na dawo na ce, "Maigida, wannan kam ta bushe." Ya yi murmushi, ya faɗa mini magana. Daga ita bai sake ce mini komai ba. Kafin magariba, kalmar shahada kawai aka ji a bakinsa, ɗanmu na riƙe da hannunsa.

Na shiga takaba. Bayan sadakar bakwai matar ɗana ta zo gyaran ɗakin, yarinyar kirki ce mai tsabta, irina sak. Na ganta ta fito da tukunyar ta nufi juji. Na ce, "Ɗiyata, aje ta." Ta ce, "Inna, ƙirare ne kawai ciki." Na ce na sani, ta aje.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ban yarda tana da rai ba. Duk safiya in na ga tukunyar sai zuciyata ta karye, don na ga kamar gawa ta biyu nake tsaro. Sau ɗaya ni da kaina na ɗauke ta har bakin juji. Kaji suka taru a ƙafata suna ɗaga kai, kamar waɗancan na shekara sittin. Na tsaya har hannuna ya gaji, na juyo da ita, na sake zagaye ta da toka.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, lemo ya fara toho. Ba abin da ya faru. Aka yi na biyu. Na daina leƙawa. Wata safiya rana ta ɗan ɗaga, ina zaune a rumfa da carbi, sai na ji wani ɗan ƙaramin motsi, kamar ana shafa rariya da auduga. Na rarrafa na ɗaga. Malam-buɗe-littafi ne yana rataye a ƙiraren, fukafukansa sun riga sun miƙe, baƙi da ruwan ɗorawa, da ɗigon ja da shuɗi a ƙasa. Na fito da ƙiraren, na kai gindin lemo, wurin da butarsa take har yanzu. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe. Ya zagaya itacen sau ɗaya, ya haye katanga. Na bi shi har bakin zaure, a nan na tsaya, don mai takaba ba ta wuce nan. Kuma ko da na wuce, wanda muke gudun tare ba ya nan. Na zauna a dokin ƙofa na yi kukan da ban yi ba ran da aka fita da shi.

Yanzu samarin garinmu wasu sun tafi haƙar zinariya, wasu suna kan babur, ba mai lokacin ɗaga ganye ya ga abin da ke ƙarƙashi. Gonaki duk feshi ne. Amma bana na ƙirga ƙwai biyar a kan toho, kuma matar ɗana da kanta ta samo mini sabuwar rariya, har ta fara tambayata yadda ake sake ganye. Na shuka wasu 'ya'yan lemo a sakaina, ban san ko zan ga tsayinsu ba.

Na tambayi malamai, na tambayi wani jikana da ya yi karatun noma, ba wanda ya gaya mini yadda mutum zai san ran abin da bai gani ba. Wataƙila sani ne, wataƙila kuma ni ya sani, ba ita ba. Abin da nake da shi dai muryarsa ce a wannan la'asar, can ƙasa-ƙasa, ruwa na zuba daga gefen bakinsa, yana murmushin tsokanar da ya saba yi mini tun muna yara:

"Mai tsintsiya, kar ki yar da ita. Ba ta mutu ba, ruwa taka jira."