Yarinyar da Gwaggo ke raino a Madina

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar Makka. Ina ta gyangyaɗi, in na buɗe ido sai in ga baƙaƙen duwatsu na wucewa kamar a mafarki. A hanya na sayi shayi, tsadarsa ta sa na sha shi da ladabi. Da muka wuce Bi'ir Ali na ga masu harama farare fat, na san mun iso.

A unguwar Harra ta Gabas na sauka wajen Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ke aikin raino a gidan wasu mutanen Rasha. Yarinyar da take raino ta kusa shekara uku, ba ta taɓa furta komai ba. Uwar ta fara zargin Hausar Gwaggo ce ke rikita ta, har tana batun neman mai raino mai jin harshensu. Iƙamar Gwaggo kuwa, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, a kan aikin nan take.

"Ke da kika yi jami'a, 'yar nan, ki gaya mata ba ni ba ce," in ji Gwaggo.

Ban san Rashanci ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba. Sai na zauna ina kallo. Uwar takan riƙe dabino a gaban yarinyar, ta faɗi kalmarsu ta "ba ni", ta jira. Da ɗan Larabcinta ta ce haka 'ya'yansu ke farawa, da ba ni, da zo, kamar ƙananan sarakuna, daga baya a koya musu roƙo da lallashi. Gwaggo kuwa, kafin yarinyar ta kalli kofi, ruwa ya kai bakinta.

Na ce, wataƙila, ban dai sani ba, da za a ɗan bari ta nema.

"In hana jaririya ruwa? Wallahi sai dai shugul ɗin ya tafi, in rasa aikin. Halas!" in ji Gwaggo.

Ranar tafiyata muka je masallacin Ƙiblatain da la'asar, har da uwar. Rana ta yi laushi, tantabaru na sauka a farfajiya, yarinyar na kwance a cinyar Gwaggo. Da lokacin mota ya yi, Gwaggo ta ajiye ta, ta miƙe za ta raka ni. Yarinyar ta damƙe mata hijabi, ta ɗaga kai, ta yi kalma ɗaya da tsawa.

Uwar ta dafe baki, hawaye na zuba. "Cewa ta yi ki zauna."

Gwaggo ta zauna. Ni kaɗai na tafi tasha.

Na dawo Zariya lafiya, Gwaggo kuma na nan a aikinta. Ba zan ce na gane yadda yaran Rasha ke koyon umarni ba, yarinya ɗaya na gani. Ita dai ba ta buɗe baki ba sai ranar da aka zo ɗauke mata abin da ba ta iya haƙura da shi.