Goyon Ɗiyar Fari

Na haifi ɗiyata ta fari a lokacin da Nasara ke jan wayarsu daga Damagaram, ana kwasar mazan gari su ɗauki itacen da za a kakkafa. Mijina yana cikin waɗanda ake kwasa. Ya yi wata biyu can, ya dawo ya kwana goma, sai a sake aiko dogari. Don haka renon yarinyar nan tsakanin mata biyu aka yi shi, ni da yayarsa.

A Dawce na haihu, a ɗakin innata, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na yi wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa, na sha kunun kanwa har na tsani warinsa. Da arba'in ta cika aka rako ni Matameye, kuma tun a ƙofar gida Yaya ta miƙo hannu ta karɓe jinjirar. Yaya babbar mace ce, ta girme ni da kusan shekara ashirin. Ta yi aure, ta haifi uku duk suka koma, mijin ma ya rasu, ta dawo gidan ƙaninta tana riƙe da shi tun kafin a kawo ni. Ranar suna mijina ya faɗa a gaban dangi cewa in an yaye yarinyar, ta Yaya ce. Ba wanda ya tambaye ni, ba kuma wanda ya ga abin tambaya a ciki. Haka ake yi.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da kukansa. In za ta ba shi nono sai ta koma gefe ta kawar da fuska, kamar wadda aka tilasta. Na san wannan tun ina yarinya, na ma yi wa wasu dariya da suka kasa. Abin da ban sani ba shi ne akwai mai tsayawa kusa tana kwashe duk abin da kika kawar wa fuska.

Da safe Yaya ce ke yi wa yarinyar wanka. Ta zaunar da ita cikin ƙwarya, ta wanke bayan kunne da matsematsin wuya, ta shafe ta da man shanu, ta miƙe mata hannuwa da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ta sa mata kwalli. Ni ina bakin turmi ina surfe, ina kallo ta wutsiyar ido. Dariyarta ta farko Yaya ta samu. Ina jin ƙyalƙyalar daga inda nake, taɓarya ta kuɓuce mini ta bugi bakin turmi, gero ya watse. Kishi ne ya kama ni, ba wani abu ba, kuma tun ranar na san sunansa.

Abu ɗaya nake da shi wanda Yaya ba ta da shi, shi ne nono. Sai na mai da shi makami. Yarinya ta yi ɗan motsi, in ce yunwa ce. Ta yi atishawa, in ce yunwa ce. Za ni rijiya, in ce kada ta farka ta nema ba na nan, gara in tafi da ita. Haka na ƙwace goyo. Na koyi sunkuyawa in ɗora ta a gadon bayana da hannu ɗaya, in ja zane in ɗaure a ƙirji, in ƙara majanyi a ƙugu, duk kafin Yaya ta ajiye abin da ke hannunta. Da ita nake daka, sautin taɓarya ke sa ta barci. Da ita nake tankaɗe, garin ya sauka a kanta fari fat. Da damina na tafi da ita gona, in rana ta take in kwance ta a inuwar tsamiya ta sha, in mayar.

Bayana ya san ta fiye da idona. In ta fara tura ƙafa tana mutsu-mutsu a wuri ɗaya, fitsari ne, sai in sauke ta in zaunar da ita a kan ƙafafuna ta yi. In ta goga fuska a kafaɗata, barci ne. In jikinta ya ɗan ɗumama, ni ke fara ji kafin kowa. A ɗaki kuwa, tabarma ɗaya muke kwana, kanta a hamatata, kuma can ba mai hana ni shinshina wuyanta in kira ta da sunanta sau goma.

Matan unguwa suka sa ni a baki. A rijiya suna cewa da ƙaro aka manne mu, wai ko ni na fara haihuwa a duniya. Wata tsohuwa ta aika wa innata a Dawce cewa ɗiyarta ba ta da kunya. Ban fasa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yaya ba ta taɓa cewa uffan ba. In na riga ta ɗauka, sai ta yi murmushi ta ci gaba da kaɗinta. Da ta yi faɗa da na samu abin riƙewa.

Kuma ta fi ni iyawa, wannan dole in faɗa. Wata rana da la'asar yarinyar ta kama kuka ba ji ba gani, tana naɗe ƙafafu. Na ba ta nono ta ƙi, na goya na zaga tsakar gida har na gaji, ta ƙara. Yaya ta wanke hannu, ta karɓe ta, ta kifa ta a cinyarta tana shafa bayan a hankali tana ɗan jijjiga gwiwa. Yarinya ta yi gyatsa ɗaya mai ƙarfi, ta yi lamo, barci ya ɗauke ta. Kowace uwa da ta ji sanyi a ranta. Ni haushi na ji, har na kasa cin tuwo.

Ranar kasuwa muka fita tare, don an ƙi yarda in je ni kaɗai, kuma a gaban jama'a dole Yaya ta goya. Mai daddawa ta leƙa fuskar yarinyar ta ce wa Yaya lallai ɗiyar nan ba ta bar ta ba, hanci da goshi duk nata ne. Gaskiya ta faɗa, jinin gidansu ne. Na tsaya ina jira Yaya ta ce ga uwarta nan. Sai ta ce, “Haka kowa ke faɗi,” ta gyara goyo muka wuce. Ni ina biye da su da kwando a ka.

Da yarinyar ta fara magana, Yaya take kira Inna. Na sha shigar da ita ɗaki in nuna ƙirjina in ce Inna, Inna, ina koya mata. Sai ta dube ni, ta kama bakin zanena ta ce nono. Wato aikina ke nan a wurinta. Na yi dariya, na kuma yi kuka, duk a zama ɗaya.

Tana cikin shekara ta biyu wani masaƙi na Icirnawa, wanda matarsa ta rasu, ya nemi auren Yaya. Aka ɗaura. Amma ta ce ba za ta tare ba sai an yaye yarinya, su tafi tare. Da can ina ganin yaye ƙaura ce daga ɗakina zuwa ɗakin da ke kallon nawa. Yanzu ya zama tafiyar rabin yini. Daga nan kowa a gidan ya koma lissafin wata, ni kuma na koma neman dalili. Na ce haƙoranta ba su gama fitowa ba. Da suka fito na ce zafi ya yi yawa, a bari ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka na ce lokacin zazzaɓi ne, a bari kaka. Duk abin da na kawo, Yaya ta ce to, a bari. Masaƙi ya yi ta aike har ya gaji. Mijina ne da ya dawo daga wajen aikin ya ce ya isa haka, yarinya tana gudu tana cin tuwo. Shi ma yana da nasa dalilin gaggawa, don mai shayarwa ba a kusantar ɗakinta.

Aka sa Juma'a. Malam ya yi rubutun yaye, aka wanke aka dama mata da fura ta sha. Yaya da hannunta ta shafa mini maɗaci a nono. Yarinyar ta zo da gudu kamar kullum, ta kama, ta saki, ta tsaya tana kallona tana goge harshe da bayan hannu. Ban iya jurewa ba. Da rana ta yi tsaka, kowa ya shige inuwa, na ja ta bayan rumbu na wanke ɗacin da ruwan buta na ba ta ta sha har ta ƙoshi. Da muka fito Yaya ta ɗauke ta, ta kai hanci kusa da bakinta, ta dube ni. Washegari bayan an karya kumallo ta goya ta da sabon zane suka kama hanya, ni kuwa ina ɗaki, don uwar ɗan fari ba ta rakiya.

Nonona ya cika ya yi tauri, na ɗaure ƙirji da tsumma kamar yadda aka ce. Bayana ya yi sakayau, ina daka ina jin iska inda ba a saba ba. Amma abin da nake so in faɗa ba shi ne wannan ba. Cikin kwanakin nan, addu'ar da ke raina ita ce a zo a ce mini yarinya ta ƙi ci ta ƙi sha, ta rame, ba ta kiran kowa sai ni. Ɗiyar da na haifa nake yi wa fatan wahala don kawai in ci Yaya. Ranar kasuwa na tare wata mai tallan kuka daga Icirnawa, na yi ta kewaye-kewaye har na tambayi lafiyar gidan masaƙi. Ta ce ai baƙuwar yarinyar ta yi kuka kwana biyu, yanzu kam sai wasa, har tana bin 'yan awaki. Na ce alhamdulillahi da baki.

A rana ta tara na ga Yaya ta manta faifanta da mazari. Na ce ai dole a kai mata. Na bi wasu mata masu zuwa can, muka isa gab da azahar. Gidan masaƙi babu kowa sai su biyu, maigidan yana wajen saƙarsa a ƙofar gida. Na tarar da su a inuwar zana, yarinyar tana zaune tsakanin ƙafafun Yaya tana shan fura da ɗan ludayi, an yi mata kitso ƙanana-ƙanana, kumatunta sun ma ƙara cika.

Ta ɗago ta gan ni. Ta ajiye ludayin, ta taso, ta zo gabana ta ɗaga hannuwa biyu sama. Ba nono ta kama ba wannan karon. So take in ɗauke ta.

Yaya ta waiga ta dubi ƙofa, ta sassauta murya ta ce, “Ɗauke ta mana. Ba kowa a gidan, ni ma zan shiga ɗaki.”

Da ba ta yi magana ba, da tuni na sunkuya, hannuna ma ya fara tafiya. Amma wai ita ce za ta ba ni izinin ɗaukar ɗiyata, a gidanta, a kan tabarmarta, da wannan kirkin nata da ya ishe ni. Ni da na yi shekara biyu ina taka kunyar ɗan fari a gaban duk Matameye, ranar nan na tuna da ita. Na mai da hannuwana baya, na kawar da fuska, na ce, “A'a, Yaya, ai da kunya. Taki ce. Faifanki na kawo.”

Yaya nake so maganar ta soka. Ban ma duba ko ta soke ta ba, don ta gefen ido ina ganin yarinyar. Tana nan tsaye, hannuwa a sama, tana ɗan ɗaga dugadugai. Ta jima a haka, fiye da yadda na zaci yaro zai iya jira. Ba ta yi kuka ba. Ta sauke hannu ɗaya, ta sauke ɗayan, ta juya ta zagaya bayan Yaya ta kwantar da kanta a can.

Na zauna na sha ruwan da aka ba ni, muka gaisa, na tambayi lafiyar maigida. A can yarinyar ta girma, a can aka yi mata aure, tana zuwa gaishe ni da ladabi kamar yadda ake gaida manya. Na haifi shida bayanta, na goya su duka har bayana ya ranƙwafa, amma ita ba ta sake ɗaga mini hannu ba.