Muryar da Ke Bayan Dodo

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana da jikokina na cikin waya. Ku ara mini kunnuwanku kaɗan. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, in kun ga zance ya karkace ku ce bakin tsohuwa ne.

Shekarun baya, tun ina gida Najeriya, tun ƙashina bai san sanyin Greensboro ta Amurka ba, duk ranar Sallah gidan rediyon garinmu yakan sa wasan barkwanci bayan an sauko daga Idi. Tatsuniya suke ɗauka su juya ta, aljanu da dodanni su shigo gari su sha wahala irin tamu. Wata ƙaramar Sallah suka yi na Dodo da tela. Dodon nan mai cinye mutane ya kai ɗinkin wandon Sallah, tela yana ta ce masa gobe, gobe, har ranar Idi. Dodo ya yi gurnani ya ce zai haɗiye shi da kekensa. Tela bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Bismilla, haɗiye. Amma ka sani duk garin nan ni kaɗai na iya huda wando wurin wutsiya." Sai ga Dodo zaune a benci yana riƙe masa zare.

A shekarar ne mai gidana ya sayi rikoda. Ya girke ta a gaban rediyo a tsakar gida, ya danna, ya ce kowa ya yi shiru. Wa zai yi shiru ranar Sallah? Kaset ya kwashe komai. Ga tarin surukata, ga zakara, ga kukan jaririn da ke bayana, ga dariyar mai gida kamar injin niƙa ya ƙi tashi.

Akwai ɗana na fari a wurin. Kun san yadda aka raine mu: ɗan fari ba ka kama sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka nuna ka san da shi. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi ƙauye, sai da Sallah nake ganinsa, shi ma da wutsiyar ido. To da Dodon rediyo ya buga tsawa ya ce, "Ina wandona?", yaron nan ya firgita. Bai nufi kakarsa ba. Ya sheƙo da gudu ya faɗa cinyata, ya cusa kansa a zanena, ya ce, "Inna, ɓoye ni." Ni kuma, a gaban surukata, bakina ya suɓuce na ce, "Ina nan."

Iyakar abin da ya taɓa shiga tsakanina da shi ke nan. Kafin wata Sallar ta zagayo ƙyanda ta ɗauke shi a can ƙauye. Ban yi kuka a gaban kowa ba, an ma yabe ni da kunya. Ba shi da hoto. Kaset ɗin nan kaɗai ya san muryarsa.

Shekaru suka ja, mai gida ya rasu. Jaririn da ke bayana ya girma, ya zo Amurka, ya aiko aka kawo ni. A jirgi ina rungume da kaset a cikin ɗankwali kamar wadda ta sato gwal. Muka zauna a wani ƙaramin gida a unguwar Glenwood, maƙwabtanmu duk ɗalibai masu kekuna, suna ɗaga mini hannu ina ɗaga musu, ba mai jin yaren wani. In kowa ya fita aiki sai in rufe ɗaki in kunna. Kunnena ya yi nauyi, kaset ma ya tsufa, sai na manna kunne a jikin rikoda kafin in tsinto shi can ƙasa, bayan muryar Dodo. In ya wuce in mayar baya. In sake mayarwa.

Jikata, 'yar ɗana, tana karatu a jami'ar da ke kusa da mu. Hausarta 'yar kaɗan ce, kamar gishirin miyar marar lafiya. Wata rana ta tarar da ni kunne a rikoda. Ta ce, "Kaka, why kullum nan wurin?"

Na ce, "Dodon ne yake ba ni dariya."

Ta ƙura mini ido ta ce, "Amma ba kya dariya."

Na ce, "Ke 'yar Amurka, mu a ciki muke yin tamu. Tashi ki ba ni wuri, da wannan wandon naki mai huji kamar na Dodo."

Ta yi dariya ta ce tsufa ne ya sa ban san kwalliya ba. Sannan ta ce kaset ya kusa mutuwa, in ba ta ta juye mini shi a waya kafin Sallah, ta gyara yadda zan ji da kyau. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina yanzu zan ji shi tas, kamar yana gabana. Da na miƙa mata, maganar ta zo har bakina. Kalma kaɗan ce: akwai muryar yaro a ciki, ita nake so. Amma tsohuwa mai furfura ta buɗe baki a gaban jikarta ta ce tana kewar ɗan farinta? Harshena bai taɓa koyon wannan hanyar ba. Na ce kawai, "Ki kula da shi."

Ta kula da shi, wallahi ta kula. Ina ganinta da abin ji a kunne, ta duƙufa a kan kwamfutar da ta aro a makaranta, har abinci sai an yi mata magana.

Ranar Sallah muka dawo daga Idi, gida ya cika. An yi waina da miyar taushe. Akwai wani Alhaji ɗan zango, mutumin Gana, abokin ɗana, shi ne mai zolayata kullum. Jikata ta tsaya a tsakiyar falo ta ce tana da goron Sallah na Kaka. Ta danna waya, murya ta fito daga lasifika, garau kamar jiya aka ɗauka. Alhaji ya buga cinya ya ce, "Kai! Hajiya, telan nan ai a zangonmu yake, har yau rigar ɗaurin aurena tana hannunsa!" Falo ya ɗauki dariya, har yaran da ba su jin Hausa suna yi don ganin manya suna yi.

Ni kuwa tun farko na lura akwai abin da ya ɓace. Ba tarin surukata. Ba zakara. Ba dariyar mai gida. Na ce to, bari dai a zo wurin. Dodo ya buga tsawa, "Ina wandona?" Na kasa kunne.

Shiru. Ɗan gajeren shiru, fes, kamar ɗakin da aka share aka kwashe kaya. Sai tela ya ci gaba da magana.

Na ce, "Mayar baya." Ta mayar. Shiru.

Na ce, "Ina sauran?"

Fuskarta cike da murna ta ce, "Na cire duk noise ɗin, hayaniyar nan, Kaka. Akwai wani yaro yana ta surutu a kan Dodon, shi ya fi ba ni wahala. I cleaned it."

Na ce, "Ina kaset?"

Ta ce da ƙyar ya juyu sau ɗaya, zaren ya manne ya tsinke. Na ce wanda ta fara juyewa fa, mai hayaniyar? Ta ce yana cikin kwamfutar aro, ta mayar tun kafin ƙarshen azumi.

Ɗana ya lura da ni. Ya durƙusa ya ce, "Inna, lafiya? Wane yaro ne?"

A gaban baƙi, a gaban Alhaji, a gaban jikoki, na ce, "Yayanka ne." Sannan na kira sunansa. Ban taɓa kira ba sai ran nan, sunan ya fito mini kamar na baƙo.

Ɗana ya ce, "Inna, shekara da shekaru, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Na ce, "Da wane baki?"

Jikata ba ta gama gane Hausar ba, sai da ubanta ya juya mata. Ta ajiye wayar. Ta fita ba takalmi. Washegari ta koma makaranta, aka ce duk kwamfutar da aka mayar wanke ta ake yi kafin a ba wani. Muka hau bas ni da ita zuwa cikin gari, wurin wani Bature mai gyaran tsofaffin rediyo. Ya buɗe kaset a hankali, ya nuna mana garin da ya zube daga jikin zaren, ja-ja kamar ƙasa. Ya girgiza kai. Wannan ba sai an fassara mini ba.

Ban ga laifin yarinyar ba, har gobe. Abin da aka ba ta ta gyara. Ni dai abin da na gani shi ne, abin da ka ɓoye har ga na cikin gidanka, ranar shara tare da datti za a kwashe shi. An yabe ni da kunya, kunyar ta karɓe shi sau biyu. Abin da ya fi ci mini rai yanzu, muryar tana guduwa daga kaina. Da, in na rufe ido ina jin yadda ya ja "Inna" ɗin nan. Yanzu in na nema sai muryar Dodo ta fito.

Alhajin zango ya koma Gana, can ya rasu, bai ƙara zolayata ba tun ranar. Ɗana yana nan yana aikinsa, da ya samu namiji ya sa masa sunan yayansa, ni kuwa har yau "ɗan nan" nake ce wa yaron. Jikata ta gama karatu ta yi aure, ita ce ke rubuta muku wannan, ta tsaya share ido ya fi a ƙirga. Kaset yana ƙasan akwatina a cikin ɗankwalinsa. Ni kuma duk Sallah ina sa a kunna mini wasan a waya, in rufe ɗaki. In Dodo ya tambayi wandonsa, shirun nan ya zo, sai in ce, "Ina nan." Ba mai faɗowa cinyata.

Tatsuniya da ƙurunƙus ake rufe ta, a ce ƙarya ce a watse. Wannan da ƙarya ce, da na fi kowa murna.